Daga Keso zuwa Lambar Sirri: Yadda Ake Buɗe Dukiyar Mamaci

A ƙasar Hausa ba a tambayar uba nawa ya mallaka. Ɗan da ya yi wannan tambaya, sai a ce ya ƙosa uban ya mutu. Attajiri kan zaɓi mutum ɗaya, babban ɗansa ko amintaccen yaronsa, ya damƙa masa mabuɗi da sirrin ciniki, sauran 'yan gida kuwa su ci su sha. Ciki, in ji Hausawa, ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Rigima tana tashi ne bayan an share makoki, ranar da magada suka ce wa mai mabuɗi ya kawo lissafi.

A da, kuɗi ba ya ɓoyuwa da sauƙi. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ne ke sayen dalar azurfa guda, kuma a keso ake ɗura wuri, dubu ashirin-ashirin. Mai keso hamsin, maƙwabta sun san da shi. Abin da ke ɓoye shi ne bashi da ajiya: hajar da ke hannun fatake a hanyar Gwanja, ajiyar da aka ba aboki ba shaida, azurfar da aka binne cikin tulu. Duk wannan a kan mutum ɗaya ko biyu yake.

Akwai kuma dalilin yin shiru. A Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa ƙwace dukiyar mamaci da sunan gado cikin zaluncin sarakunan da ya tarar. Bayan jihadi rabo ya koma hannun alƙalai, amma da ushira, wato kashi ɗaya cikin goma na abin da aka raba. Iyalin da suka san haka ba sa ɗokin fito da komai fili. Da Turawa suka kafa baitulmali a masarautu aka sa wa alƙalai albashi, sai kuɗin ushira ya koma shiga asusun En'e, kuma aka fara rubuta kayan mamaci a rajista: riguna, dawaki, tasoshi, gonaki, kowanne da ƙimarsa. Asirin gida ya hau takarda.

Fiƙihun Malikiyya bai bar mai mabuɗi a tsakiyar rana ba. Wanda aka wakilta amini ne, kuma mai zargin ya ci amana shi zai kawo hujja. Idan ya rasa, rantsuwa ta raba gardama. Sai dai in ɗan ya ce "Baba ne ya ba ni", nan alƙali zai tsananta: ya karɓi kyautar a hannunsa tun uban yana da lafiya? Kyautar ciwon ajali hukuncin wasiyya take bi, magaji kuwa ba ya cin wasiyya sai sauran sun yarda. Kafin matar mamaci ta ga tumuninta, sai an fitar da kuɗin jana'iza, da bashi, da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba.

Banki ya sauya wurin ajiyar sirrin. Ana ba da labarin cewa a 1929 Alhassan Ɗantata ya kai wa Bank of British West Africa a Kano azurfa lodin raƙuma 20. Dukiya irin wannan ta bar tulu ta koma hannun baƙo mai dokar kansa, wanda ba ya buɗe asusun mamaci ga ɗa, komai kusancinsa, sai da takardar kotu.

Tun da Babban Bankin Najeriya ya fito da lambar BVN a 2014, gano asusun da mutum ya bari ya yi sauƙi. Wahalar ta koma wani wuri. Tsoho da ciwo ya kwantar kan miƙa wa 'yarsa kati da lambar sirri, ko ya sa a riƙa tura kuɗin hayar shagunansa cikin asusun ɗansa. Kuɗin magani, da cefane, da albashin ɗan, duk sai su cakuɗe a takarda ɗaya. Idan 'yan uba suka nemi a kawo ta kotu, haƙƙinsu ne su ga inda kuɗin ubansu ya shiga, amma a shafin nan ne kuma za su ga bashin da ake bin ɗan'uwansu da abin da yake aika wa surukansa. Shi ya sa masu dabara yanzu suke buɗe wa tsohon asusu daban, su ajiye rasit ɗin asibiti, su sa wani daga ɗaya ɗakin ya riƙa sa hannu a littafin kashe kuɗi duk wata.