'Yan Kokawar Japan Biyar Da Zan Fita Da Su, Da Dalilina



Musun da ya ƙi ƙarewa a ɗakunanmu kwanan nan shi ne: in aka ce ka haɗa tim na 'yan resilin biyar daga Japan kaɗai, wa da wa za ka ɗauka? Wasu sun ce Nakamura, wasu Asuka, har da mai cewa Yokozuna. To tun kafin a yi nisa, Yokozuna ba ɗan Japan ba ne. Sunansa Rodney Anoa'i, Ba'amurke ne ɗan asalin Samoa, dangin su Roman Reigns. Tutar Japan kawai aka riƙa masa.

Na san akwai masu cewa ai resilin ƙarya ce, dambe ne wasan maza. Gaskiya ne an san wanda zai ci tun kafin a hau. Shi ya sa ni ba na zaɓe da ƙarfin damtse ko yawan kambu, tunda a ofis ake rubuta su. Ma'aunina shi ne: wane kaya mutum ya ɗauka a zamaninsa, kuma me ya biya da jikinsa? Don faɗuwar dai ba ta ƙarya ba ce.

Kyaftin ɗina Rikidozan ne. Ɗan sumo ne da ya bar sumo a 1950, ya kafa kamfanin resilin nasa, JWA, a 1953, shekarar da talabijin ya fara aiki a Japan. Ku tuna a 1945 aka ci ƙasar da yaƙi, sojojin ƙawance ƙarƙashin Amurka suka riƙe ta har 1952. A Fabrairun 1954 ya kara da wasu ƙattai 'yan uwan juna, Ben da Mike Sharpe. 'Yan Kanada ne, amma jama'a Amurkawa suke gani. Dubban mutane suka yi cincirindo a gaban akwatunan talabijin da aka kafa a titunan Tokyo, suna kallon nasu yana sarar fararen fata da gefen hannu. Abin da yawancinsu ba su sani ba, gwarzon nasu ɗan Koriya ne, sunansa na yanka Kim Sin-rak, an haife shi a 1924 lokacin da Japan ke mulkin mallakar Koriya. Ɓoyewa aka yi, aka ce ɗan Nagasaki ne, saboda yadda ake raina 'yan Koriya. Duk wanda ya taɓa zama a garin da jin sunansa ke sa a sake kallonsa zai gane nauyin wannan. A Disamban 1963 wani ɗan daba ya soke shi da wuƙa a gidan rawa a Tokyo, bayan sati ɗaya ya rasu yana da shekara 39.

Ya bar almajirai biyu da suka fara wasa rana ɗaya, 30 ga Satumba 1960: Giant Baba da Antonio Inoki. A 1972 suka raba gari, Baba ya kafa All Japan, Inoki ya kafa New Japan. Baba shi ne kocina, ba zai shiga fili ba, don aikinsa mafi girma rainon yara ne.

Na biyu Inoki. Shi burinsa a daina ce wa sana'arsa wasa. A kan haka ya kara da Muhammad Ali a zauren Budokan ranar 26 ga Yuni 1976. Dokokin da aka gindaya sun hana shi yawancin dabarunsa, sai ya kwanta rigingine yana harbin ƙafafun Ali har zagaye 15, aka tashi canjaras. 'Yan kallo suka fusata, aka yi ta yi masa dariya, amma Ali sai da ya kwanta asibiti saboda ƙafafun, kuma yau ana lissafa wannan karon cikin tushen MMA. A 1989 ya zama ɗan majalisa, a 1990 ya je Iraƙi ya taimaka aka sako 'yan Japan da gwamnatin Saddam ta tsare. Daga baya ya bayyana cewa a wannan tafiyar ya karɓi Musulunci, aka sa masa Muhammad Hussain. Abin da ke zuciya Allah ne masani, kuma ba don wannan na ɗauke shi ba. Ya rasu a Oktoban 2022.

Na uku Mitsuharu Misawa, yaron Baba. Shekaru yana wasa da abin rufe fuska da sunan Tiger Mask, sai a 1990 ya cire, ya kayar da babban gidan, Jumbo Tsuruta. Shi da Kawada da Kobashi da Taue su ne ake kira ginshiƙai huɗu, wasanninsu na shekarun 1990 har yau su ne abin kwatance. Da Baba ya rasu a 1999, saɓani ya shiga tsakaninsa da matar marigayin, ya fice a 2000 da kusan duk 'yan wasan, ya kafa Noah, sunan da aka ɗauko daga labarin jirgin Annabi Nuhu (AS). Jiki ya gaji, amma abincin mutane na rataye da sunansa, sai ya ci gaba da hawa. Ranar 13 ga Yuni 2009 a Hiroshima aka yi masa wani jifa da ya sha ɗauka sau ba adadi, bai tashi ba. Lakar wuyansa ce ta samu rauni, ya rasu yana da shekara 46. Mai cewa ƙarya ce ya tsaya a nan tukuna.

Na huɗu Kenta Kobashi. Wannan na masu kari-oba ne, ku matso. Baba da gangan ya sa aka kayar da shi a wasanninsa 63 na farko, don jama'a su so shi a kan naci. Haka kuwa aka yi. A 2003 ya doke Misawa ya riƙe kambun Noah kwana 735. A 2006 aka gano kansa a ƙodarsa, aka cire ta, a Disamban 2007 ya dawo fili. Sai a 2013 ya yi ritaya.

Na biyar, nan ne za mu ɓata da wasunku: Hiroshi Tanahashi, ba Okada ba. A farkon shekarun 2000 New Japan ta kusa durƙushewa, saboda Inoki ya dage sai ya tura 'yan wasansa faɗan gaske, ana jibgarsu a gaban duniya, 'yan kallo suka watse. Tanahashi ya ɗauki kambu a 2006 ana yi masa ihu, ya bi gari gari yana tallar wasa da kansa, har zauruka suka sake cika. Sau takwas ya riƙe kambun IWGP, a Disamban 2023 ya zama shugaban kamfanin. Okada gwani ne wallahi, kwana 720 ya yi da kambu, ya kare shi sau 12 a jere. Amma gida ginanne ya tarar. Yana benci, shi da Jushin Liger da Great Muta mai feso koren ruwa.

Mata kuwa, benci ya yi musu kaɗan. Crush Gals da suka rikita 'yan matan Japan a shekarun 1980, da Bull Nakano, da Aja Kong, da Manami Toyota, tim ne mai zaman kansa, zai ci rubutu daban.

In kun lura, biyar ɗin nan 'yan gida ɗaya ne: Rikidozan ya raini Baba da Inoki, Baba ya raini Misawa da Kobashi, Tanahashi kuma ya gyara ɓarnar da Inoki ya bari. Wanda ya san Nakamura da Asuka kaɗai, rassan ya gani.

Kowa ya kawo nasa biyar, amma dan Allah da dalili, ban da "kawai yana burge ni". Kuma kar wani ya kwana yana neman Misawa da Kawada na 1994 a YouTube ya makara lakcar ƙarfe takwas ya ce ni ne. Allah Ya ba mu sa'ar jarabawa, Ya mai da mu gida lafiya.