Gandun Shaƙatawa na Trap Pond

Trap Pond gandun shaƙatawa ne da ke kusa da garin Laurel, a kudancin jihar Delaware ta Amurka. Asalinsa fadama ce mai cike da bishiyoyin saifires, waɗanda ke tsirowa cikin ruwa, kuma katakonsu ba ya saurin ruɓewa. A ƙarshen ƙarni na 18 aka datse ruwan fadamar domin ya riƙa juya injin tsaga katako. Haka tafkin ya samu, aka kuma sare yawancin bishiyoyin.

Gwamnatin tarayya ta sayi wurin a shekarun 1930, sannan ya zama gandun jihar a 1951. Bishiyoyin da suka sake tsirowa suna cikin kurmin saifires mafi nisa arewa a ƙasar, kuma doka ce ke kare su yanzu.

Masu ziyara kan ratsa tsakanin bishiyoyin a kwale-kwale, ko su kama kifi da fatsa, ko su kwana a tanti. Daga cikin halittun da ake gani akwai zalɓe, mujiya, gaggafa, maƙwaƙwafi da kififiya.