Tantabara: Kiɗan Biki a Kunnen Baƙo

A 2018 kamfanin FatCat na Ingila ya fitar da Tantabara, kundi na uku da ya buga wa Tal National, ƙungiyar da Hamadal Moumine, wanda aka fi sani da Almeida, ya kafa a Yamai a 2000. Masu sharhi a Turai da Amurka sun ji saurin jita da sarƙewar ganguna, sai suka jingina kundin da kiɗan gwaji irin na post-punk. Ina ganin sun ji daidai, amma sun ɓata asalin abin.

A duba yadda aka yi aikin. Jamie Carter ne ya taso daga Chicago da na'urorinsa ya naɗi sautin a Yamai. Ba a kwashe makaɗa an kai su ƙetare ba. Su kuwa mutane ne da suka saba kiɗa na awa biyar a dare guda, sau da yawa a mako, har sukan rabu gida biyu don su cika alkawari a wurare biyu. Zafin da ake ji a kundin daga nan ya fito, daga filin da mai rawa zai koma ya zauna in hannun makaɗi ya yi sanyi. Ko Yonatan Gat, mai jita da aka gayyato cikin waƙa guda, sawunsu ya bi.

A sa kundin a wata rumfar shayi a Matameye, kan hanyar Damagaram zuwa Daura, a ga ko akwai mai kiransa gwaji. Mai sauraro a can zai ji kalangu yana magana, jita tana amsawa kamar 'yan amshi, kamar yadda ya saba ji ranar kai amarya. Abin da zai ba shi sabon ɗanɗano shi ne Hausa da Zabarmanci da Buzanci da Fulatanci a faifai ɗaya.

Akwai kuma tsohon bashi, wanda na fi damuwa da shi. Lokacin da ƙungiyar Talking Heads da Brian Eno suka yi Remain in Light a 1980, daga kiɗan Fela Kuti suka ɗebo tsarin maimaita gajeren zubi ana jibga wani a kansa. Kunnen da Remain in Light ya rena shi ne ya saurari Tantabara bayan shekara 38, ya ce ya ji ɗan gida.