Ga Ƙoshi Ga Kwanan Yunwa: Tarihin Wutar Jihar Neja

Jiya da daddare ina tsaka da rubuta babi na biyu na aikin mastas ɗina aka ɗauke wuta a nan Tudun Wada. Ina kunna tocilar waya sai dariya ta kama ni. Wai a jihar da ke ba Najeriya wuta nake zaune!

'Yan uwa ɗalibai, mu ɗan waiwaya baya. A 1964 aka fara gina madatsar ruwa ta Kainji da bashin Bankin Duniya, kamfanin Italiya ya yi aikin, aka gama a 1968. Mutum wajen 44,000 aka tasa daga gidajensu, daga ƙasar Borgu har Yawuri. Tsohon garin Bussa, inda Mungo Park ya mutu a 1806, yanzu haka yana ƙarƙashin ruwa, da gonaki da kaburburan kakanni. Aka gina musu Sabuwar Bussa, aka ce su yi haƙuri, ci gaban ƙasa ne.

Daga nan sai Jebba a 1985, sai Shiroro a 1990 mai megawat 600, kwanan nan kuma Zungeru mai megawat 700, ita ma da bashi, wannan karon daga Chaina. Mai ba da bashi ya karɓi kuɗin ruwa, ɗan kwangila ya kwashe nasa, wayoyi suka ɗauki wuta zuwa manyan birane, har Yamai. Talakan bakin kogi fa? In an buɗe dam da damina, shinkafarsa ce ke tafiya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

An dai sa hannu a dokar HYPPADEC a 2010 don a share musu hawaye, amma sai da aka kwashe kimanin shekara goma kafin hukumar ta fara aiki. Ga hedikwatarta nan cikin Minna.

Ni ban ce kada a gina dam ba, wallahi wutar nake nema yanzu haka. Abin da ke damuna shi ne, a manyan ofisoshi ake yanke shawarar, mai gonar kuwa sai dai ya ji sanarwa.

Masu neman taken furojet, ga aiki. Yaran da aka kwaso daga Bussa a 1968 yau sun doshi saba'in. Ku je ku naɗi muryarsu tun suna raye. In ba haka ba, rahoton gwamnati kaɗai zai rage a matsayin tarihi.

Cajina ya kusa ƙarewa. Sai an kawo wuta.