Kunne Ya Girmi Kaka: Yadda Aka Koyi Kiɗa a Garin Nan

Idan aka ambaci Ɗan Maraya, Jos ce take fara faɗo wa mutum a rai, kuma da gaskiya, don can ya zauna, can ya rasu ranar 20 ga Yuni, 2015. Amma masu ba da tarihinsa suna cewa sha'awar kuntigin da ya yi suna da shi, a nan Maiduguri ta kama shi. Sunansa na yanka Adamu, an haife shi a Bukuru a 1946. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru ne. Iyayen duka suka rasu yana ƙarami, Sarkin ya riƙe shi. Bai kai ga balaga ba tafiya ta kawo shi garin nan, ya ji makaɗa suna wasa, abin ya shiga ransa, ya haɗa nasa kuntigin. Kayan haɗin ma ba su da yawa: gwangwanin kifi, fatar akuya, ɗan sanda, da tsirkiya guda ɗaya tak. Da wannan ya yi waƙar karen mota, da ta auren dole, da sauran waɗanda iyayenmu suka tashi da su. Malamin da ya koya masa kuwa, kunnensa ne.

Ba abin mamaki ba ne a ce a nan hakan ta faru. Yerwa sabon gari ne idan aka kwatanta da Kano ko Katsina. A 1907 ne Shehu Bukar Garbai ya baro Kukawa ya zauna a nan, kusa da sansanin Turawa. Hausawa suka biyo kasuwa: fatake, dillalan fata da ƙirgi, mahauta, masu ɗinki, da maniyyatan da suka nufi Makka ta Chadi da Sudan, wasu guzuri ya ƙare musu suka yada zango, zangon ya zama gida. Haka Hausari ta kafu. Jirgin ƙasa bai iso ba sai 1964, layin da ya taso daga Kuru kusa da Bukuru ya bi ta Bauchi da Gombe. Kafin nan manyan motoci ne ke jigilar mutane da kaya, kuma duk inda tasha take, akwai masu kiɗa.

To, a ƙasar Hausa hanya biyu ce ake zama makaɗi. Akwai gado, akwai haye. Ɗan gado yana buɗe ido ya ga ganga a rataye a zaure. Zai fara da ɗaukar kaya, ya koma amshi, a ba shi ƙaramar ganga, sai ya yi shekaru kafin a bar shi ya ja gaba. Haka gidajen makaɗan fada suke, irin masu kotso da taushi a ƙasar Sakkwato da Zamfara. Unguwar baƙi kuwa ba ta da irin waɗannan tsofaffin gidaje da yawa. Fadar da ke kusa da mu ta Shehu ce, da nata masu ganga da algaita, da nata harshe. Don haka yaron Hausari da ke son kiɗa, sau da yawa haye yake yi. Yana tsayawa a bayan taro wajen biki, ya kasa kunne, ya koma gida da kiɗan a kansa. Kuma haye ba abin kunya ba ne: Mamman Shata kansa bai gaji waƙa ba, mahaifinsa ma bai so ya yi ta ba.

Me ya sa kunne kaɗai yake isa? Amsar tana cikin harshenmu. Hausa magana ce mai hawa da sauka. Ku faɗi "kuka" na hawaye, ku faɗi "kuka" ta miya. Ku faɗi "wuya" na jiki, ku faɗi "wuya" ta wahala. Baƙaƙen iri ɗaya ne, murya ce ta raba su. Yaron da ya iya rarrabe waɗannan tun yana shekara uku, ai ya riga ya yi rabin karatun kiɗa bai sani ba. Mai kalangu yana matse tsirkiyoyi a hammata fata ta ɗame sauti ya hau, ya sassauta ya sauka, sai kalangu ya bi sawun maganar. Shi ya sa mahauci yake jin takensa daga nesa ya tsaya cak, alhali ba wanda ya buɗe baki. Mai goge da mai kukuma ma haka: yatsa yana tafiya a kan izgar doki yana neman muryar da ke cikin kai. Ba layi a jikin sandar da zai nuna maka inda za ka danna. Idan ka kauce, kunnenka ne zai tsawata maka.

Masu koyo ta wannan hanya kusan matakai ɗaya suke bi. Da farko a baki: mutum ya riƙa maimaita kiɗan da leɓe har ya zauna. Sannan a hannu, a kan cinya, ko bayan kwano, ko gwangwanin madara da aka ɗaure wa leda. Wanda ya yi tashe a watan azumi a lungunan nan ya san wannan makaranta. Sai a zo ga mai wuyar, wato ɗaurin tsirkiya: ka ja, ka kaɗa, ka saurara, ka ƙara ja, har sautin ya yi daidai da muryarka. A nan ne masu wasa suke watsewa, masu rabo su tsaya.

Zuwan rediyo ya faɗaɗa wannan makaranta. Da Rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962, makaɗan da sai an yi tafiyar kwanaki kafin a gan su suka shigo shagon tela da teburin mai shayi. A zauna a Hausari a ji kalangun Shata, da kukumar Ibrahim Na Habu da Ahmadu Doka, da gurmin Haruna Uji, da kotson Musa Ɗanƙwairo. Mata a cikin gida suna jin Barmani Choge, su kifa ƙwarya a ruwa su gwada. Sai dai rediyo ba ya jira. Waƙa ta wuce ta wuce, sai ka yi sa'a wani ya sake neman ta a zaɓen masu sauraro. Wannan ya sa mutanen wancan zamani suke da kaifin riƙewa: ji ɗaya, ji biyu, sun ɗauke.

Kunnen ɗan Maiduguri kuma bai taɓa zama na Hausa zalla ba. Yana jin gangar Barebari ranar hawan salla, yana jin kiɗan Shuwa a biki, yana jin waƙoƙin Sudan da matafiya da alhazai suka saba da su, ga na Indiya a silima. Da garin ya zama hedikwatar Jihar Arewa maso Gabas a 1967, ma'aikata suka ƙaru daga ko'ina, kowa da abin da yake saurare. Wanda ya koyi kiɗa a irin wannan wuri, ko bai yi niyya ba, hannunsa zai ɗauko wani abu daga maƙwabta.

Kaset ne ya kawo babban sauyi, daga shekarun 1970. A karon farko ɗalibi ya samu malamin da ba ya gajiya. Ka danna, ka saurara, ka mayar baya, ka sake. Idan batir ya yi sanyi, a zura biro a juya zaren da hannu. Gaɓar da ta gagara sai a maimaita ta sau ashirin. Daga baya, da finafinan Hausa suka bunƙasa a shekarun 1990, fiyano irin na Yamaha ya shiga ɗakunan ɗaukar waƙa, matasa suka koma kansa. Su ma akasari ba takardar kiɗa suke karantawa ba. Lalube suke yi da yatsa har su dace da abin da suka ji. Kayan ne suka canja, hanyar tana nan yadda Ɗan Maraya ya bi ta.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Tun daga Yulin 2009 kowa ya san abin da garin nan ya gani. Dokar hana fita ta kashe hirar dare, bikin da ake kwana ana kiɗa ya koma na yini, wasu ma a taƙaice cikin gida. A 2013 har layukan waya aka rufe na watanni. Yaran da aka haifa a waɗannan shekaru sun girma, da yawansu sun fi sanin kalangu a waya fiye da a fili. Waƙa kam suna da ita fiye da kowane zamani, dubbai a aljihu. Amma waya tana ba ka sauti ne kawai. Ba za ta nuna maka yadda ake jiƙa fata a ɗaura ta ba, ko yadda ake shafa ƙaro a izga don goge ya yi kuka. Ba za ta gaya maka taken wa ake kaɗawa ba, da gaban wa ba a kaɗa shi. Kuma ba za ta harare ka ba idan ka yi gaggawa ka bar 'yan amshi a baya. Masu haye na dā da kunne suka koya, gaskiya ne, amma suna tsaye ne kusa da mai yi, ido yana taya kunne.

Mun san akwai iyayen da ba sa son 'ya'yansu su kusanci kiɗa, kuma malamai suna da maganganunsu a kai. Wannan tsohuwar muhawara ce, kowane gida da yadda ya ɗauke ta. Amma ko wanda ba ya so ɗansa ya riƙe ganga zai yarda cewa taken mahauta, da na maƙera, da waƙoƙin daka da na reno, tarihinmu ne, kuma ba a rubuce yake ba.

Don haka roƙonmu biyu ne. Duk mai tsofaffin kaset a akwati, musamman na bukukuwan unguwa, ya fito da su a juye su a waya ko kwamfuta. Ambaliyar Alau ta Satumba 2024 ta nuna mana yadda abin da aka adana shekara arba'in yake tafiya a dare ɗaya. Na biyu, 'yan samari masu lalube a fiyano, ku nemi dattawan da suka taɓa riƙe kalangu ko kukuma, ku gaishe su, ku zauna. Ku ce, "Baba, a kaɗa mana mu ji." Baba, ku kuma kada ku ce yara ba za su gane ba, kunnen da kuka koya da shi, irinsa ne a kansu.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da Barno lafiya.