Yadda Hatsin Agaji Ya Shiga Siyasar Nijar

Kafin zuwan motocin agaji, rumbun tsimi manomin Damagaram ko Maraɗi ya sani. In damina ta yi albarka, maigida kan ware dammunan gero waɗanda ba a taɓawa sai shekara ta ƙi. In rumbu ya ƙare a faɗa daji: a jiƙa anza kwana da kwanaki har ɗacinta ya fita, a tone gidan tururuwa a kwashe ɗan abin da suka tara.

Bayan yunwar 1931, wadda fara ta jawo a yammacin ƙasar, Faransawa suka matsa wa talakawa su riƙa zuba hatsi a rumbunan ajiya na hukuma. Jama'a haraji suka ɗauke shi, ba su kuwa yi kuskure ƙwarai ba. Daga nan dai ciyar da mayunwata ya fara komawa wuyan mai mulki.

A 1970 gwamnatin Diori Hamani ta kafa OPVN, hukumar saye da ajiye cimaka. Ba ta gama zama da gindinta ba fari ya tsananta, dabbobin Fulani da Buzaye suka yi ta zubewa. Hatsin Amurka da Turai sai ya sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, jirgin ƙasa ya kai shi Paraku, manyan motoci su haura da shi ta Gaya. Kafin ya isa ƙauye an galabaita, wani buhun ma a kasuwa ake ganinsa. Da wannan zargi na karkatar da agaji hafsan soja Seyni Kountché ya kafa hujja ranar 15 ga Afrilu 1974, ya kifar da Diori.

Tun daga lokacin shugabanni suka riƙa shakkar furta cewa ana yunwa. A 2005, bayan fara da ƙarancin ruwan 2004, kasuwannin Maraɗi ba su rasa gero ba. Kuɗin tiya ne ya gagari talaka, farashin akuya kuma ya faɗi warwas. Gwamnati ta nace wa sayar da hatsi da rahusa, rabon kyauta bai zo ba sai da damina ta yi nisa, yara sun cika cibiyoyin ƙungiyar likitocin agaji ta MSF. Shugaba Tandja Mamadou kuwa ya ce babu yunwa. Da sojojin Salou Djibo suka tuɓe shi a Fabrairun 2010, ba su ɓata lokaci ba suka shaida wa duniya cewa ƙasar na cikin matsalar abinci, suka nemi agaji.