Daga Homar Argungu Zuwa Kwarashin Birnin Kebbi: Asalin Saƙar Hannu a Ƙasar Kabi

Kalmar saƙa a Hausa faffaɗa ce. Masaƙi da ƙoshiyarsa saƙa yake yi, mai tabarma saƙa yake yi, masunci da ke haɗa ragarsa saƙa yake yi, haka ma matar da ke riƙe da kwarashi tana haɗa wa jariri hular sanyi. A aikace kuwa dabarun sun bambanta. Masaƙi zare kashi biyu yake sarƙawa, na tsaye da na kwance. Mai raga ƙulli yake yi, kowane ido da ƙullinsa, shi ya sa in ido ɗaya ya yanke sauran ba sa warwarewa. Mai saƙa da kibiyoyi biyu zare ɗaya take lanƙwasawa madauki cikin madauki, madaukai da yawa suna jere a kan kibiya. Mai kwarashi kuma madauki ɗaya tak take riƙewa a lokaci guda. A ƙasar Kabi, kowace daga cikin dabarun nan na madauki da ƙulli da hanyar da ta biyo ta iso.

Mafi tsufa ita ce ta bakin gulbi. Tun zamanin da Muhammadu Kanta ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16, da hedikwata a Surame, an san Kabawa da su da noman fadama. Masunci a da ba ya sayen raga, shi yake saƙa abarsa da zaren auduga ko na rama, har da na wani irin wake da ake nomawa musamman don ƙarfin zarensa. Kayan aikin kaɗan ne: ɗan itacen da ake naɗe zare a jikinsa, da wani ɗan ma'auni da ake ƙulla kowane ido a kansa domin idanun su zo daidai. Wannan ma'auni ba ƙaramin abu ba ne, domin faɗin idon raga shi ke yanke hukuncin kifin da zai kamu da wanda zai sulale ya je ya girma. Homar da dubban masunta ke faɗawa Matan Fada da ita, kowa da gorarsa, 'yar wannan sana'a ce. Bikin da kansa ya samo siffarsa ta yanzu a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, a 2016 kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya. Amma tun daga tsakiyar ƙarni na 20 zaren nailan da ragar inji suka mamaye kasuwa, har ya zama gyaran raga ya fi saƙa ta daga tushe yawa.

Hanya ta biyu ta hamada ce, kuma kaya ta kawo, ba ta kawo dabara ba. Saƙar kibiya ta daɗe a duniyar Musulmi: daga cikin mafi tsufan kayan da aka tono akwai safunan auduga na Masar, na tsakanin ƙarni na 11 da na 13. A Sifen ma, cikin kabarin wani yarima da ya mutu a 1275, an sami matashin kai saƙaƙƙe ɗauke da rubutun Larabci. Da aka kori ragowar Musulmin Andalus a 1609, da yawa sun sauka Tunis, suka bunƙasa sana'ar jar hular da Bahaushe ke kira dara. Mata ne ke saƙa ta da ulu, ƙatuwa sakwa-sakwa, sannan a dake ta cikin ruwa har ta ƙanƙance ta cure, a taje ta, a rina ta ja. Curewar ce ke ɓoye madaukan, sai mai kallo ya ɗauka ƙyalle ne. Fatake sun riƙa shigo da ita ta Gadamus da Agadas zuwa kasuwannin Kano da Katsina, daga nan ta bazu cikin fadoji. Ke nan saƙar kibiya ta hau kan Bahaushe tun kafin ta sauka hannunsa.

Ta sauka hannu ne ta hanya ta uku, wato aji. Kwarashi sabon abu ne ko a Turai: sai a shekarun 1820 aka fara buga tsarinsa a wata mujallar Holan, ya kuma yi ƙarfi a Ailan lokacin yunwar da ta fara a 1845, inda mata suka riƙa ciyar da gidaje da shi. Sunan ma daga kalmar Faransanci mai nufin ƙugiya ya fito, ya biyo ta Ingilishi ya zauna a bakin Hausawa. A 1930 aka buɗe makarantun 'yan mata na farko na hukuma a Kano da Katsina, cikin shekarun da suka biyo baya Sakkwato da Birnin Kebbi suka sami nasu, a 1939 kuma aka kafa cibiyar horar da mata a Sakkwato. Ɗinki da saƙa suna cikin manyan darussan waɗannan makarantu, domin su ne abin da iyaye masu ɗari-ɗari da boko ke iya ganin amfaninsa da idonsu. Dabarar ta dace da zaman gida: ba ta son rumfa, ba ta son jari mai yawa, ana ajiye ta a duba tukunya a dawo. Daga 1987 shirin kyautata rayuwar matan karkara na Maryam Babangida ya ƙara yaɗa ta ta cibiyoyin koyon sana'a. Sanyin hunturu da hidimar suna suka samar mata kasuwa: hula, safa, rigar sanyi da mayafin jariri.

Wannan sauyi ya juya wani abu a hankali. Ƙulla zare a bakin gulbi aikin maza ne, don abinci. Lanƙwasa shi a tsakar gida ya zama aikin mata, rabi sana'a rabi sha'awa. Duk da haka lissafin ɗaya ne. Mai homa yana ƙara ido ko ya rage don ragar ta yi ciki, mai hula tana ƙara madauki a kowane zagaye don tsakiyar kai ta kwanta. Shi yana da ma'auninsa, ita tana da lambar kwarashi da kaurin ulu. Dukansu in suka ɓata ƙirga a layi ɗaya, sai aikin ya karkace.

Rauninsu ma ɗaya ne: tsarin yana cikin kai da yatsu. Ana koyo ne da zama kusa da gwani, ko a warware tsohuwar hula a ƙirga madaukanta. Yau 'yar Birnin Kebbi mai sha'awar saƙa tana ɗaukar sabon salo a YouTube, amma rubutattun tsare-tsaren da take samu galibi da Ingilishi suke, da gajerun alamomin da ma'anarsu ta Amurka ta saɓa wa ta Ingila. Ga kuma gwanjo da rigunan inji sun karya farashi, yadda aikin kwana uku ba ya biyan kuɗin ulunsa.

Sai dai kwarashi yana da wata kariya da raga ba ta samu ba. Tun 1589 William Lee ya ƙera injin saƙar safa, raga ma inji ya daɗe da karɓe ta, amma har yau masana'antu ba su da injin da ke yin ainihin saƙar kwarashi. Duk wadda aka gani a kasuwa, hannun mutum ne ya yi ta. Abin da ya rage shi ne rubutu: a zauna da tsofaffin masu saƙar homa a Argungu da gwanayen kwarashi na cikin gidaje, a rubuta ƙirgarsu layi bayan layi da Hausa, da sunayen da su kansu suke kiran kowane ƙulli. Gidan Tarihi na Kanta zai iya adana raga shekaru masu yawa, amma yadda aka fara idonta na farko yana wurin mai ita ne kawai.